Me tashar nukiliya take samu idan ta shiga ƙungiya?

Wani ƙanena ɗan Daura, mai karatun injiniyan lantarki, ya aiko mini da tambaya. Ya ce: "Yaya, ina duba bayanin wata tashar nukiliya ta Amurka sai na ga an rubuta cewa mamba ce a wata ƙungiyar tashoshi. Wannan ba irin takardar nan ba ce da 'yan kwangila ke liƙawa a bangon ofis don a ce su ma wasu ne? In ba haka ba, me ake yi a ciki? Kuma in Najeriya ta gina tata, shiga irin wannan ƙungiya zai sa mu yi barci da ido biyu a rufe?"

To ƙanena, gyara zama. Aikina na yau da kullum shi ne kare mutane daga tururin nukiliya, a Zariya na koyo shi, a nan Katsina nake zaune, kuma wannan tambaya taka ta fi yadda ka ɗauke ta nauyi. Ba za ka gane amfanin ƙungiyar ba sai ka san abin da ya haife ta, kuma abin da ya haife ta wani ɗan bawul ne da ya ƙi rufewa.

Da misalin ƙarfe huɗu na asuba, ranar 28 ga Maris 1979, a tashar Three Mile Island da ke jihar Pensilbaniya, famfunan da ke tura ruwa zuwa inda ake haɗa tururi suka tsaya. Zafi ya taru, matsin ruwa ya hau, wani bawul da ke saman tankin daidaita matsi ya buɗe don ya rage, kamar yadda aka gina shi ya yi. Bayan 'yan daƙiƙoƙi ya kamata ya koma ya rufe. Bai rufe ba. A ɗakin sarrafa tashar kuwa, fitilar da ke wakiltar bawul ɗin ta mutu, ma'aikata suka duba suka ce ya rufe. Ashe fitilar ba halin bawul take faɗa ba, abin da take faɗa kawai shi ne an aika masa umarnin ya rufe. Kamar ka aiki yaro ya kulle ƙofar zaure, ka ji ya amsa "to", ka juya ka kwanta. Ruwan da ke sanyaya tukunyar nukiliya yana ta ficewa ta wannan kafa, amma ma'aunin da suke kallo yana nuna ruwa na ƙaruwa a tankin. An koya musu cewa babban abin gudu shi ne tankin nan ya cika maƙil. Sai suka rage famfunan gaggawa da suka tashi da kansu don ceton tukunyar. Sama da awa biyu aka yi a haka, ƙararrawa na kuka ta ko'ina, kafin wani da ya shigo karɓar aiki ya lura, aka rufe bawul na biyu da ke gabansa. A ƙarshe dai kusan rabin cikin tukunyar ya narke. Wata uku kacal ke nan da wannan sashe ya fara sayar da wuta.

Ga inda zancen yake. Wata 18 kafin wannan dare, a Satumbar 1977, irin wannan abu sak ya faru a tashar Davis-Besse ta jihar Ohayo. Kamfani ɗaya ne ya ƙera tukwanen biyu, wato Babcock & Wilcox. Bawul ya maƙale a buɗe, ma'auni ya ruɗi ma'aikata, su ma suka kashe famfunan gaggawa. Allah ya taimake su tashar na aiki ne a kusan kashi 9 cikin ɗari na ƙarfinta, kuma cikin minti ashirin da 'yan kai wani ya gano bakin zaren. Injiniyoyin kamfanin ma sun rubuta takardar gargaɗi a cikin gida cewa in aka maimaita wannan a kan cikakken ƙarfi za a sha wuya. Takardar ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur. Mutanen da ke bakin aiki a Three Mile Island a wancan daren ba wanda ya taɓa faɗa musu. Ilimin da zai cece su yana nan a duniya, a rubuce, a cikin ƙasarsu, amma ba hanyar da zai bi ya iso gare su.

Wannan rami ne kamfanonin wutar Amurka suka zauna suka cike a ƙarshen 1979, suka kafa cibiyar da ake kira INPO a birnin Atlanta. Ba gwamnati ce ta kafa ta ba. Su masu tashoshin ne, kuma ba don tsoron Allah kaɗai ba, don tsoron aljihu. Sun ga yadda haɗari a tasha ɗaya ya sa jama'a suka juya wa dukansu baya, oda ta tsaya, hukuma ta ƙara ɗaure su, kuɗin gini ya yi sama. Wake ɗaya ya ɓata gari. Akwai ma dokar Amurka da ta ɗaure su wuri guda ta fuskar diyya: idan aka yi babban haɗari a wata tasha har inshorarta ta gaza, kowace tukunya da ke aiki a ƙasar sai ta zuba nata kason, fiye da dala miliyan ɗari a kan kowace. Kai da ka yi karatun fiƙihu a zaure ka san hukuncin aƙila, inda dangin wanda ya yi kisan kuskure ke haɗa diyya. To in ka san za a zo ƙofarka karɓar kuɗi saboda gangancin ɗan uwanka, ai kana da bakin tambayarsa yadda yake riƙe da bindigarsa.

Shekara bakwai bayan nan sai ga Chanobil, 26 ga Afrilun 1986. Can ma labarin bai canza ba. An riga an ga alamun lahanin wannan samfurin tukunya a tashar Leningirad a 1975, an kuma gano a Ignalina a 1983 cewa sandunan da ake kashe tukunya da su suna iya ƙara mata ƙarfi na ɗan lokaci a farkon shigarsu. Sirrin gwamnati ya danne bayanin, masu danna maɓalli ba su sani ba. Hayaƙin kuma bai tsaya a kan iyaka ya nemi biza ba. Shi ya sa a ranar 15 ga Mayun 1989 masu tashoshin duniya, na gabas da na yamma, suka haɗu a Mosko suka kafa WANO, ƙungiyar masu gudanar da tashoshin nukiliya ta duniya. Babban ofishinta na Landan, tana da cibiyoyi a Atlanta da Mosko da Faris da Tokiyo, daga baya aka buɗe ofis a Shanghai. Kusan duk wanda ke sayar da wutar nukiliya a duniya yana ciki.

Yanzu bari in gaya maka abin da mamba ke biya, ban da kuɗin rajista. Abu biyu ne, kuma dukansu suna da ɗaci a bakin mutum mai son girma.

Na farko, duk wani abin kunya da ya same ka sai ka rubuta ka aika wa ƙungiya. Famfo ya ƙi tashi a wajen gwaji, ma'aikaci ya buɗe bawul ɗin da ba shi aka ce ba, an bar sifana a cikin inji bayan gyara, ko da ba wanda ya ji ciwo, ko da ba wanda ya gani. Ƙungiya ta tace, in ta ga darasi mai nauyi ta rarraba wa kowa, kuma ba karantawa kawai za ka yi ka ajiye ba, za a zo a tambaye ka me ka gyara a gidanka saboda abin da ya faru a gidan wani.

Na biyu shi ne baƙin. A tsarin WANO, tun bayan haɗarin tashar Fukushima ta Japan a 2011, kowace tasha tana karɓar tawagar bincike ta takwarori duk shekara huɗu, a Amurka kuwa INPO kan zo kusan duk shekara biyu. Waɗannan ba jami'an gwamnati ba ne masu zuwa da jerin tambayoyi su sa hannu su karɓi lemo su tafi. Mutane ne masu irin aikinka a wasu tashoshi: shugaban ɗakin sarrafawa daga wata ƙasa, makaniken famfo daga wata, masanin sinadarin ruwa daga wata. Sukan yi mako biyu zuwa uku a cikin tashar. Ɗaya zai ja kujera ya zauna a bayan mai sarrafa tukunya, da ɗan littafi a hannu, ba ya cewa uffan. Yana kallon ko idan shugaba ya ce a buɗe bawul kaza, wanda aka umarta yana maimaita umarnin da bakinsa, shugaban kuma ya tabbatar masa, kafin hannu ya taɓa komai. Yana kallon ko mutum na bin takardar aiki layi bayan layi da yatsa, ko ya haddace yana yi da ka. Wani kuma yana can ƙasa yana bin bututu da tocila, yana duba ɗigon mai a ƙarƙashin famfo, yana karanta kwanan watan da ke jikin katin "a gyara" da aka rataya. In ya ga kati ya shekara a rataye, ya gama karanta halin gidan. Mu kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne, amma mai ɗaki ne kuma yake sabawa da yoyon, ya sa kwano a wurin ya manta. Baƙo shi ke yin tuntuɓe da kwanon.

A Amurka bayan bincike ana ba tasha maki daga 1 zuwa 5. Ba a bugawa a jarida. Amma a taron shekara na shugabannin kamfanoni, bayan an rufe ƙofa, kowa na ganin matsayin kowa, kuma kamfanin inshorar da su da kansu suka kafa yana la'akari da makin wajen yanke abin da za ka biya. Ka ƙaddara taron sarakunan fawa na ƙasar Katsina, a karanto a gabansu cewa a mayankar wane ne aka fi samun ƙazanta. Ba ɗauri, ba tara, amma ba zai so a sake karantawa baɗi ba. Sakamakon ya fito a lissafi: a wajajen 1980 tashoshin Amurka ba sa ba da ko kashi 60 cikin ɗari na wutar da za su iya bayarwa a shekara, yanzu sun haura kashi 90. Ba ƙungiya kaɗai ta yi wannan ba, an samu ƙwarewa da ingancin makamashi, amma ba mai musun hannunta a ciki.

Sai dai ina kyautata zaton abin da ka gani a shafin tashar ba INPO ko WANO ba ne, don waɗannan kowa na ciki, ba abin talla ba ne. Akwai wasu ƙananan ƙawance da suka fi kama da adashi ko gayya. Dalilinsu mai sauƙi ne. Kamfani irin EDF na Faransa yana da tukwane sama da hamsin, yawancinsu 'yan gida ɗaya, don haka yana da rumbun kayan gyara, yana da ƙwararru a kowane fanni, kuma in ya je sayayya shi ke faɗin farashi. To yaya mai tukunya ɗaya tilo zai yi? Tashar Wolf Creek a Kansas tukunya ɗaya gare ta. Callaway a Mizuri ma ɗaya. An gina su ne da zane iri ɗaya, tamkar tagwaye, amma iyayen gidansu daban. Irin waɗannan ne suka haɗu da su Diablo Canyon ta Kalifoniya da Palo Verde ta Arizona a ƙawancen da ake kira STARS. Akwai wani ƙawance makamancinsa mai suna Utilities Service Alliance, a taƙaice USA. Suna haɗa oda su sayi kaya a kan rahusa, suna haɗa kai wajen rubuta takardun neman tsawaita lasisi, suna binciken juna, suna aron ma'aikata.

Aron ma'aikatan nan ba ƙaramin abu ba ne. Duk wata 18 ko shekara biyu ake kashe tukunya a canza wani kaso na makamashinta, kuma a cikin wannan wata guda ko makamancinsa ake cusa duk gyaran da ba ya yiwuwa tana aiki. Ana buƙatar ƙarin hannaye ɗaruruwa, wani lokaci sama da dubu, kuma kowace rana da aka ƙara asara ce mai yawa don ba a sayar da wuta. Ɗan kwangilar da bai san gidan ba sai an koya masa hanya. Amma ma'aikacin tashar ƙawa, wanda ya saba da irin famfon da irin ƙa'idar, yau ya sauka gobe ya kama aiki. In lokacin tasu tashar ya zo, a rama musu. Gayya ce, sai dai da takardar yarjejeniya.

Palo Verde ɗin nan, tun da na ambace ta, ka riƙe sunanta. A tsakiyar hamada take, ba kogi ba teku, da ruwan bahaya da na kwata na birnin Finiks da aka tace take sanyaya injinanta, kuma tana cikin manyan tashoshin Amurka. Duk mai ce maka ƙasa busasshiya irin tamu ba ta ɗaukar nukiliya saboda ruwa kawai, bai gama bincike ba. Matsalarmu tana wani wurin, zan zo kanta.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Koeberg, kusa da Kef Tawun, tasha ɗaya tak da ke ba da wutar nukiliya a Afirka a yau, tukwane biyu da suka fara aiki a 1984 da 1985. A ƙarshen 2005 wani ɗan ƙusa da aka bari a cikin janaretan sashe na ɗaya ya yi kaca-kaca da cikinsa. Irin wannan ƙarfe mai juyawa, mai nauyin tan kusan ɗari biyu, ba a ajiye yake a kanti ba, in ka ba da oda sai ka yi dogon jira. Yankin ya shiga ɗauke wuta. Abin da ya fitar da su shi ne Faransawa ne suka gina tashar, kuma EDF na da irinsa a ajiye. Aka ba su aro, jirgin ruwan sojan Afirka ta Kudu ya je ya ɗauko a 2006. Da tashar tasu samfurin da ba kowa ke da shi ba ce, da sun ga ta kansu. Shi ya sa akwai kuma ƙungiyoyin masu samfuri ɗaya, kamar ta masu tukunyar CANDU ta Kanada, inda ake haɗa kuɗi a binciki lahanin da ya shafi kowa.

Kada ka ɗauka duk na zo yabon ƙungiya ne. Davis-Besse ɗin da na faɗa maka, mamba ce a INPO kamar kowa, amma a Maris 2002 aka gano ruwan asid na boron da ke ɗiga shekara da shekaru ya cinye murfin tukunyarta, ya yi rami a ƙarfe mai kaurin inci shida, ba abin da ya rage tsakanin ruwa mai tsananin matsi da waje sai wani siririn shafi da bai kai rabin inci ba, shi ma ya fara kumbura. Alamu kuwa sun daɗe suna magana. Matatun iska suna ta toshewa da jan tsatsa, ana canza su ana wucewa. Faransa ta ga tsagewar bututun da ke ratsa murfin tukunya, inda irin wannan ruwa ke ɗiga, tun 1991 a tashar Bugey, ta shiga canza murafan tukwanenta. Labarin ya iso, ba a ɓoye shi ba. Hukuma ma ta nemi a tsaya a duba kafin ƙarshen 2001, kamfani ya roƙi a ɗaga masa zuwa Fabrairu, aka ɗaga. Tashar ta yi shekara biyu a rufe. Wato a 1977 gidan ne ya samu darasin da bai isa ga wasu ba, a 2002 kuma darasin wasu ya iso gidan aka sa shi a aljihun tebur.

Fukushima ta fi wannan ciwo. TEPCO, kamfanin da ke da tashar, mamba ne a WANO. A Disambar 1999 ambaliya ta haura katangar tashar Blayais a Faransa ta cika ɗakunan ƙasa, ta kashe wasu famfunan tsaro, duniya ta ji. A 2008 lissafin cikin gida na TEPCO ya nuna igiyar ruwa na iya kai mita 15.7, alhali shirin tashar na mita 5.7 ne. Ranar 11 ga Maris 2011 aka yi girgizar ƙasa, igiyar ta zo, ta tarar da janaretocin gaggawa a ɗakunan ƙasa. Tashar Onagawa ta wani kamfanin, wadda ta fi kusa da cibiyar girgizar, ta tsira domin tun farko an ɗora ta a kan tudu mai kusan mita 15, har mutanen gari suka fake a cikinta. WANO da kanta ta amsa cewa bincikenta ya fi karkata ga yadda ake gudanar da aiki, bai cika tambayar ko ginin kansa zai jure abin da ya fi ƙarfin zane ba, ta faɗaɗa shi daga baya.

Akwai kuma ƙorafin da nake ganin yana da ƙafa: rahotannin sirri ne. Mutumin da gonarsa ke jikin katangar tasha ba zai taɓa ganin abin da baƙin suka rubuta ba. Hujjar ƙungiya ita ce in za a buga a jarida, ba wanda zai ƙara faɗin gaskiya, lauyoyi ne za su riƙa rubuta rahoto. Na yarda da hujjar, amma da sharaɗi ɗaya: sai in akwai hukumar gwamnati mai haƙori a gefe, wadda nata rahoton a fili yake, mai ikon sa kwaɗo a ƙofa. Ƙungiya ba ta ba da lasisi, ba ta ƙwacewa. Haka ma IAEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Biyana, ita ta gwamnatoci ce, tana sa ido kada a karkatar da makamashi zuwa makami, tana kuma aiko da tawagar duba tsaro in ƙasa ta gayyace ta, amma ba ta rufe tashar kowa. In aka haɗa sirrin ƙungiya da hukuma mai barci, an samu rufin asiri mai lasisi.

To mu fa? Tukunyar da muke da ita ɗaya ce, NIRR-1, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ƙirar Sin ce, ta fara aiki a 2004, ƙarfinta kilowat talatin da 'yan kai na zafi, don bincike da koyarwa, ba ta kunna ko ƙwan fitila ɗaya a gari. A 2018 aka canza mata makamashi zuwa yuraniyam mara ƙarfin tacewa, aka mayar da tsohon Sin. Muna da NAEC mai tsara shirin, da NNRA mai sa ido. An ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren gini, an sa hannu da Rosatom ta Rasha a 2017. Masar ta riga ta fara zuba kankare a El Dabaa tun 2022, tukwane huɗu masu megawat 1,200 kowace. Yuraniyam kuwa ga shi nan arewa da mu a Arlit, an fi shekara hamsin ana haƙa ana fita da shi.

In muka gina, shiga WANO ba zaɓi ba ne a aikace, kuma tun kafin a kunna za su zo binciken share fage. Dubi Barakah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Koriya ta Kudu ta gina musu, kuɗi ba matsala ba ne, an so a kunna sashe na farko a 2017. Gini ya kusa kammala amma aka ga masu sarrafawa ba su gama nuna ba, aka ɗaga har 2020, sai da hukumarsu ta gamsu, tawagar WANO ma ta zo ta duba. Shekara uku dukiya na tsaye ba ta kawo ko sisi. Ka tambayi kanka wane jami'i ne a nan zai iya tsayawa gaban shugaban ƙasa, ana saura wata shida zaɓe, an riga an buga katin bikin buɗewa, ya ce yaran ba su shirya ba.

Sannan ga layin wuta, wanda fanninka ne. Duk abin da ƙasar nan ke rabawa a rana mai kyau yana tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kada inji ɗaya ya wuce kusan kashi goma cikin ɗari na layin da yake ciki, don in ya faɗi kada ya ja kowa. Tukunya mai 1,200 kusan rubu'in namu ce. Ta ɗaya gefen kuma, tukunya ba murhu ba ce da za ka zare itace ka yayyafa ruwa. Bayan an kashe ta tana ci gaba da fitar da kusan kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na zafinta, bayan 'yan awoyi ya sauko wajen kashi ɗaya, wanda a babbar tukunya megawat talatin ne na zafi da dole a kwashe dare da rana. Famfunan kwashewar wuta suke ci daga waje. Ka tuna Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin ma ya faɗi, muka fi mako a duhu daga Katsina har Daura, ƙanƙara ta zama zinariya, masu cajin waya suka yi sarauta. A irin wannan mako tashar nukiliya tana rayuwa ne a kan dizal, kuma abu na farko da baƙon WANO zai nema shi ne littafin gwajin janareta da sandar auna tankin mai.

Littafin nan ne ya fi damuna, fiye da layin wuta, don layi kuɗi ke gyara shi. Wata rana na je duba ɗakin hoton ƙashi a wani asibiti, ba zan faɗi wanne ba. Kowane ma'aikaci a irin wannan ɗaki ana ba shi ɗan baji da zai maƙala a ƙirji, mai auna tururin da jikinsa ya sha, a tura a karanta lokaci-lokaci. Sakamakonsu ya yi kyau ƙwarai, kyan da ya sa na tsargu, kowa kusan sifiri. Na ce a nuna mini bajojin. Sai wani dattijo, mutumin kirki, ya jawo aljihun tebur a ofishin da ke can ƙarshen baranda, ga su nan jere a cikin gwangwanin alewa, kowanne da sunan mai shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaran ne ke ɓatar da su, kuma in ya ɓata daga albashi ake cirewa, shi ya sa nake adana musu." Na duba littafin duba na'ura, an cike shi tsaf da biro ɗaya, har da ranar Juma'a mai zuwa, mu kuwa muna Talata. Ƙofar ɗakin mai rufin darma ba ta rufuwa sosai, an tokare ta da dutse, kuma benci na masu jira yana daidai bakin kafar, wata mai ciki na zaune a kai.

Na sa aka janye bencin nan take, na rubuta abin da na gani kamar yadda na gan shi. Kwana biyu bayan nan wani babba ya kira ni, muka gaisa har da tambayar mutanen gida, sannan ya ce dattijon saura wata takwas ya yi ritaya, ko zan ɗan sassauta harshen rahoton, a rufa wa juna asiri. Na cire sunan dattijon, na bar gwangwanin alewa da ranar Juma'a a ciki. Da na koma bayan wata shida an gyara ƙofar, bajoji na ƙirjin mutum uku cikin biyar, littafin kuma an canza masa biro.